Masallatan Birtaniya da Ɓangarorin Musulminta: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Zuwa

Duk shekara, da zarar Satumba ya kama, sai sababbin ɗalibai daga gida su fara sauka a Landan, Manchester, Leeds da Coventry. Kafin mutum ya gama gane hanyar makaranta Juma'a ta zo, ya faɗa masallacin da ya fi kusa da masaukinsa, ya fito da tambayoyi fal bakinsa. Waɗanda aka fi yi mini su ne na tara a nan. Abu ɗaya nake roƙon mai karatu tun daga farko: mudun Izala da Ɗarika da muka taso da shi ba ya auna Musulmin ƙasar nan daidai. Wanda ya dage sai da shi zai yi awo, zai ɗauki alhakin mutane da yawa, ya kuma wahalar da kansa a banza.

Musulmi nawa ne a ƙasar, kuma daga ina suka fito?

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna akwai Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, wato kashi 6.5 cikin ɗari. A 2011 miliyan 2.7 ne. Takardar ƙidayar ba ta tambayar mutum ko shi Sunni ne ko Shi'a, don haka duk adadin da ka ji an ba wani ɓangare ƙiyasi ne.

Zaman Musulmi a nan ya daɗe. Tun ƙarni na 19 akwai ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Yaman a Cardiff da South Shields. A 1889 aka gina masallacin Shah Jahan a garin Woking, a shekarar ce kuma wani lauya Bature da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, ya buɗe masallaci a Liverpool. Amma cikowar ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masaƙu da masana'antu suka rasa leburori. Mutanen Mirpur na Kashmir, waɗanda madatsar ruwa ta Mangla ta cinye garuruwansu a shekarun 1960, suka cika Bradford da Birmingham. Mutanen Sylhet na Bangladesh suka zauna a gabashin Landan. 'Yan Gujarat suka nufi Blackburn, Dewsbury da Leicester, wasunsu bayan Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Uganda a 1972. Daga baya ne Somaliyawa, Iraƙawa, Iraniyawa, Turkawa da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa. Har yau kusan biyu bisa uku na Musulmin ƙasar 'yan asalin Asiya ne.

Kowace tawaga ta zo da malamanta da harshenta da rigimar da ta baro a gida. Shi ya sa za ka ga masallatai uku a titi guda ka zaci saɓanin aƙida ne, alhali sau da yawa wancan na mutanen wani ƙauye ne a Kashmir, wannan na 'yan Gujarat, na ukun kuma na waɗanda suka ɓata da kwamitin na farko kan shugabanci.

Kullum ina jin Deobandi da Barelwi. Su wane ne?

Su ne manyan ɓangarori biyu na Ahlus Sunna a ƙasar, kuma rabuwarsu ta samo asali ne daga Indiya zamanin mulkin Turawa. Deoband gari ne da aka kafa makarantar ilimi a cikinsa a 1866. Barelwi kuwa sunan ya fito ne daga garin Bareilly, mahaifar Shehu Ahmad Raza Khan wanda ya rasu a 1921. Dukansu mazhabar Hanafiyya suke bi a fiƙihu, dukansu Maturidawa ne ko Ash'arawa a aƙida, littattafan da suke karantawa a makarantunsu ma yawanci iri ɗaya ne.

Inda suka rabu shi ne batun matsayin Annabi (SAW) da waliyyai: ko Allah ya sanar da shi gaibu kuma har zuwa ina, ko ya halatta a kira "Ya Rasulallah" don neman agaji, ko a yi Mauludi a tsaya tsaye ana salati, ko a yi bikin shekara-shekara a kabarin waliyyi. Barelwi sun ce duk wannan son Annabi ne. Deobandi sun ce an wuce gona da iri. A farkon ƙarni na 20 Ahmad Raza Khan ya fitar da fatawar kafirta wasu manyan malaman Deoband bisa kalaman da ya ce sun taɓa darajar Manzo, su kuma suka musanta cewa haka suke nufi. Wannan tabon bai warke ba har yau, kuma shi aka ɗauko aka kawo Bradford da Birmingham.

Masu bin diddigin masallatan ƙasar sun ƙiyasta cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na hannun Deobandi ne, kusan kashi ɗaya bisa huɗu kuma na Barelwi. Ƙarfin Deobandi makarantu ne. Tun da Shehu Yusuf Motala ya kafa Darul Ulum a kusa da garin Bury a shekarun 1970 suke yaye malamai, har ya zama mafi yawan limaman da aka horar a cikin ƙasar nasu ne. 'Yan Tabligh da muka sani a gida, masu fita kwana uku ko arba'in ko wata huɗu, reshe ne daga wannan itace, kuma babbar cibiyarsu ta Turai tana Dewsbury. Ƙarfin Barelwi kuwa shehunnai ne da muridai. Masallacin Ghamkol Sharif na Birmingham, na 'yan Naƙshabandiyya, yana cikin manyan wurarensu, kuma jerin gwanon Mauludinsu a watan Rabi'ul Awwal sai ka rantse a Kano kake ranar Takutaha.

To ke nan Barelwi su ne 'yan Ɗarika, Deobandi kuma 'yan Izala?

A nan ne yawancinmu muke yin kuskure. Rabin farko yana da ƙamshin gaskiya: Baƙadire zai ji kamar yana gida a masallacin Barelwi, domin suna girmama Shehu Abdulƙadir Jilani matuƙa, har suna masa taro ranar 11 ga kowane watan Musulunci, masallatansu da dama ma Ghausiya ake kiran su, daga laƙabinsa na Gausu.

Rabi na biyu kuwa sam ba haka ba ne. Manyan malaman Deobandi 'yan ɗarika ne. Suna karɓar wuridi, suna da shehunnai a Cishtiyya da Naƙshabandiyya, suna tarbiyyar muridai. Kuma sun fi kowa riƙo da taƙalidin mazhaba, ba sa yarda ɗalibi ya tsallake Imamu Abu Hanifa ya ce shi da hadisi zai yi aiki kai tsaye. Ɗan Izala da ya zauna da su zai yarda da su a kan Mauludi da ziyarar kaburbura, washegari ya tarar suna zikiri a da'ira ƙarƙashin shehi. Wanda ya fi kusa da Izala a tsari shi ne Ahlul Hadis, su kuma Deobandi sun daɗe suna rubuce-rubucen martani a kansu. Na sha ganin ɗan'uwa ya shekara yana sallah a wuri yana yabon su da "Ahlus Sunna ne irinmu", ranar da ya gano limamin yana da shehi sai ya ƙaurace. Ba limamin ne ya sauya ba, shi ne bai tambaya ba tun farko.

Salafawa fa, da masu alaƙa da ƙungiyoyin gwagwarmaya?

Ahlul Hadis na Pakistan suna da babbar cibiya a masallacin Green Lane na Birmingham. Masallacin Brixton a kudancin Landan ya yi suna wajen Salafawa baƙar fata, musamman waɗanda suka musulunta daga cikin 'yan asalin Karebiyan. Masallatansu ba su kai na Deobandi da Barelwi yawa ba, amma muryarsu ta fi adadinsu ƙarfi, saboda sun riga kowa fara wa'azi da Turanci a lokacin da sauran ke huɗuba da Urdu. Matasa da ɗaliban jami'a da Somaliyawa da yawa ta nan suka shiga. Su ma a cikinsu akwai rabe-rabe masu zafi, galibi kan yadda za a ɗauki shugabanni da siyasa.

Akwai kuma waɗanda tushensu tunanin Maududi ne, malamin Pakistan da ya kafa Jama'atul Islami, kamar UK Islamic Mission da aka kafa a 1962 da Islamic Foundation ta Leicester ta 1973, sai masu kusanci da tunanin Ikhwan kamar Muslim Association of Britain ta 1997. Waɗannan sun fi damuwa da tsari, ilimin zamani da hulɗa da hukuma fiye da gardamar Mauludi.

'Yan Shi'a suna da yawa?

Tsiraru ne, amma suna da tsari da dukiya, kuma su ma ba abu ɗaya ba ne. Mafi yawa Imamiyya ne masu imamai 12: 'yan Pakistan, Iraƙawa, Iraniyawa, 'yan Labanon, da Khoja, 'yan kasuwa 'yan asalin Gujarat da suka zo ta Afirka ta Gabas, waɗanda ke da cibiya a Stanmore. Gidauniyar Al-Khoei da aka kafa a 1989 tana bin tafarkin malaman Najaf, yayin da cibiyar da ke Maida Vale take da alaƙa da Iran. Wanda ya san Shi'anci ta Zariya kaɗai zai yi mamakin yawan 'yan Shi'ar Landan da ba ruwansu da siyasar Tehran. Akwai Isma'iliyya mabiya Aga Khan, masu cibiya a South Kensington tun 1985, sai Bohra, wani reshen Isma'iliyya, masu masallaci a Northolt. A Ashura da Arba'in sukan yi tattaki a tsakiyar Landan, 'yan sanda na ba su kariya.

Yaya zan gane masallacin da na shiga?

Duba bango da abin da ake yi bayan sallama. Idan ka ga an rubuta "Ya Allah" da "Ya Rasulallah", ga hoton koren ƙubba, mutane na sumbatar manyan yatsunsu su shafa a ido idan ladan ya ambaci sunan Annabi, bayan Juma'a kuma a miƙe a rera salati, to na Barelwi ne. Idan wuri ne marar ado, liman da rawani da doguwar riga, bayan sallah wani ya zauna yana karanta hadisan falalar ayyuka, ga jakunkunan matafiya a lungu, na Deobandi ne. Idan ana haɗa ƙafa da ƙafa a sahu, ana ɗaga murya da amin, Salafawa ne. Idan akwai akwatin ƙananan dunƙulen ƙasa a bakin ƙofa don sujada, na Shi'a ne, kuma sau da yawa Husainiyya ko Imambarga za ka ga an rubuta.

'Yan'uwa mata su tambaya kafin su tafi. Ƙananan masallatai da dama, musamman na Deobandi, ba su da sashen mata.

Ina sallah ina sakin hannu, sai na ga ana kallona. Me ya sa?

Domin a wajen mutumin Pakistan ko Gujarat, ɗan Shi'a ne kaɗai ke yin sadalu. Da yawansu ba su taɓa jin cewa shi ne mashhurin mazhabar Malikiyya ba, balle su san miliyoyin mutane daga Maroko zuwa Borno haka suke yi. An taɓa tare ni bayan Azahar, wani dattijo ya tambaye ni cikin ladabi ko ni ɗan Iran ne. Na ce masa ni Bamalike ne daga Najeriya. Ya kira liman, liman ya tabbatar masa, daga ranar kuma kullum sai ya matsa mini wuri kusa da shi a sahu. Kada ka yi fushi, kada kuma ka ɓoye mazhabarka. Bayani biyu ya wadatar.

Kai ma za ka ga abin da ba ka saba ba. Hanafawa ba sa shiga La'asar sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, wanda a lokacin zafi kan sa su jinkirta fiye da awa guda a kan lokacinmu. Wutirinsu raka'a uku ne a haɗe da sallama ɗaya, kuma suna kama hannu ƙasan cibiya.

Zan iya bin kowane liman?

Ra'ayina, kuma shi na ji daga malaman da na yarda da su, saɓanin mazhaba ba ya hana bin liman. Bamalike ya bi Bahanafe, sallarsa ta yi. Ni duk masallacin Ahlus Sunna da lokaci ya riske ni kusa da shi ina shiga. Gaskiya ne akwai masu tsanani: wasu Barelwi ba sa bin Deobandi, wasu Salafawa ba sa bin Barelwi. Amma a ƙasar da Azahar da La'asar da Magariba kan faɗo cikin awa huɗu a watan Disamba, kana tsakiyar lacca ko aiki, wanda ya ce sai masallacin ƙungiyarsa ƙarshenta jam'in ne zai bari gaba ɗaya. A 2005 malamai kusan 200 daga ƙasashe 50 sun amince da Saƙon Amman, wanda ya tabbatar da mazhabobi takwas, har da Ja'afariyya da Zaidiyya da Ibadiyya, ya kuma hana kafirta Ash'arawa da Sufaye da Salafawa na gaskiya.

Me ya sa ake Sallah rana biyu a gari guda?

Wannan ya fi komai ɓata wa iyalai rai. Sararin ƙasar kusan kullum a rufe yake da gajimare, ganin jinjirin wata yana wuya, kuma babu wata hukuma da kowa ya sallama wa. Wasu masallatai, ciki har da babban masallacin Regent's Park da na Gabashin Landan, suna bin sanarwar Saudiyya. Wasu sun ce sai ƙasar Musulmi mafi kusa da ake duban wata da ido, wato Maroko. Wasu kuma suna dagewa a nemi watan a cikin Birtaniya. Abin lura shi ne wannan rabuwa ba ta bi layin ƙungiya sak ba: Deobandi kansu sun kasu biyu a kai. Sai ka ga miji ya sha ruwa yana Idi, surukansa a titi na gaba suna azumi.

Lokacin Asuba ma haka. Tsakanin Mayu da Yuli shafaƙi ba ya ɓacewa sosai da dare, don haka kowane masallaci da lissafin da ya zaɓa. Shekarun da azumi ya faɗo a Yuni, kamar 2015 da 2016, jadawalin sahur na masallatai biyu maƙwabta kan bambanta da fiye da awa guda. Shawarata ka zaɓi masallaci ɗaya ka bi shi a wata da jadawali duka, kada ka riƙa tsince-tsince.

Ba su da wani kamar Sarkin Musulmi ne?

Babu. Kowane masallaci na kwamitinsa ne, yawanci an yi masa rajista a matsayin ƙungiyar agaji, kwamitin ke ɗaukar liman ya biya shi ya kuma sallame shi. Babbar inuwa ita ce Majalisar Musulmin Birtaniya da aka kafa a 1997, mai ƙungiyoyi fiye da 500, Sunni da Shi'a. A 2021 ta zaɓi mace ta farko, Zara Mohammed, a matsayin babbar sakatariya. Amma ba ta ba da umarni ga kowa, kuma Barelwi da suka ga ba a damawa da su yadda ya kamata sun kafa tasu inuwar a 2005.

Ana faɗa tsakaninsu?

Yawanci faɗan na baki ne: huɗuba, bidiyo a YouTube, shari'a a kotu kan wa zai riƙe masallaci. Yaƙin Siriya ya ƙara zafi tsakanin Sunni da Shi'a. A 2022 an yi zanga-zanga a Bradford, Bolton da Birmingham kan wani fim game da Nana Faɗima da wani malamin Shi'a mai zagin Sahabbai ya rubuta, har kamfanin Cineworld ya janye shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne malaman Shi'a da dama su ma sun yi tir da fim ɗin.

Jini ya zuba sau biyu a 2016, kuma ya kamata a faɗi duka biyun. A Fabrairu, a Rochdale, wasu magoya bayan ISIS suka kashe wani tsohon malami ɗan Bangladesh saboda yana rubuta laya. A Maris, wani mutum ya taso daga Bradford ya kashe wani mai shago ɗan Ahmadiyya a Glasgow, yana cewa kare martabar Annabi yake yi, kuma shi daga ɓangaren Barelwi ya fito. Duk mai cewa ɓarna daga ɓangare ɗaya kawai take fitowa ya tuna da waɗannan rayuka biyu.

Ina matsayin Ahmadiyya?

Su suna kiran kansu Musulmi, dokar ƙasa ba ta hana su ba. Sunni da Shi'a kuwa sun haɗu a kan cewa imaninsu da annabcin Mirza Ghulam Ahmad, wanda ya kafa ƙungiyar, ya saɓa wa cikar annabta. Su suka gina masallacin Fazl a 1926, ga kuma katafaren Baitul Futuh a Morden tun 2003, kuma halifansu a Ingila yake zaune tun 1984 bayan dokokin da Pakistan ta kafa musu. Ba a sallah tare. Bayan kisan Glasgow, Majalisar Musulmin Birtaniya ta yi Allah wadai da shi, ta kuma ce ba za a tilasta wa Musulmi su sauya aƙidarsu game da Ahmadiyya ba. Ni ma a nan na tsaya: saɓanin na gaske ne, jinin maƙwabci kuma haramun ne.

To me ke haɗa su?

Buƙata da barazana. A 1981 masallatan Bradford na kowane ɓangare suka kafa majalisa ɗaya, bayan shekara biyu suka samu a fara ba yara naman halal a makarantun gwamnati. A Maris 2020, da aka ji tsoron dokar korona za ta ba hukuma damar ƙona gawa ba da yardar dangi ba, Musulmi da Yahudawa suka tashi tare har aka gyara dokar. Ranar 30 ga Yuli 2024, da 'yan tarzoma suka far wa masallacin Southport da duwatsu, babu wanda ya tsaya tambayar mazhabar limamin, kuma a makonnin da suka biyo baya matasa na kowane ɓangare ne suka kwana gadin masallatai.

Ga kuma sabon tashi. Kusan rabin Musulmin ƙasar a nan aka haife su, Turanci ne harshensu, da yawansu ba za su iya gaya maka abin da ya raba Deoband da Bareilly ba. Suna haɗuwa a ɗakin sallar jami'a, suna auratayya duk da ƙorafin iyaye. Masallacin Cambridge da aka buɗe a 2019, wanda Shehu Abdulhakim Murad ya jagoranci gina shi, an tsara shi ne tun farko ba na wata ƙungiya ba.

A ina 'yan Najeriya suke sallah?

A Landan, masallacin Old Kent Road shi ne tsohon gidan 'yan Najeriya, yawancinsu Yarbawa, ga kuma rassan NASFAT, ƙungiyar addu'a ta Musulmin Najeriya, masu taron ranar Lahadi. Alaƙar ma ta girmi kowa a cikinmu: a 1894 Abdullahi Quilliam ya je Legas bikin buɗe masallacin Shitta-Bey a madadin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Hausawa ba mu kai yawan da za mu cika unguwa ba, don haka a masallatan wasu muke sallah, mu haɗu a gidaje da zaurukan WhatsApp lokacin suna, buɗa-baki da ta'aziyya. 'Yan Tijjaniyya sukan sami wazifa wajen 'yan Senegal, Gambiya da Gana. Idan garinku ƙarami ne, fara da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'arku, su za su nuna maka inda ake Juma'a da mahaucin da aka yarda da shi.